Ruwan Randar Mero

A Tibiri, in ana zancen tsabta a shekarun nan, sai an ambaci Lantana matar marigayi Nomau. A can aka haife ta, a can ta yi aure, ta haifi bakwai, huɗu suka rayu. Sana'arta ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, kuma mutane kan tsallake masu talla uku su zo gidanta saye, don ko tsakar gidanta ka kalla sai ka ji kana son cin abin hannunta. Sai dai tana da wani hali guda. In ta shiga gidan mutane takan nemi ruwan sha ko ba ta jin ƙishirwa, ta leƙa moɗa kafin ta kai baki. Daga nan ta gama sanin matar gidan, har da uwar da ta haife ta. Ba ta taɓa tsayawa ta tuna cewa ita a bakin gulbi ta tashi ba, inda rijiya gaba uku ce, ruwa kuma garau rani da damina.

Shekarar da Nijar ta samu mulkin kai, gyaɗa na kuɗi, gonar gado kuma ta yi wa 'ya'yanta kaɗan. Sai autanta Barmo ya ɗauki amaryarsa Mero suka koma wani ƙauye gaba da Gidan Sori, ya yi sassabe a can. Mero marainiya ce, kawunta Iro ne ya riƙe ta a Gidan Sori, yarinya mai shiru wadda sai ka yi mata magana uku kafin ka samu ɗaya.

Da rani Lantana ta hau jaki ta kai musu ziyara. Mero ta durƙusa ta miƙa mata ruwa. Lantana ta leƙa, ta ga ruwa jaja-jaja, ta kurɓa sau ɗaya ta ji ƙanshin laka, ta watsar da sauran a gindin danga. Kwana huɗun da ta yi, kullum Mero kan ɗauki tulu da hantsi ta tafi rijiya, ba a sake ganinta sai rana ta take, tuwo kuma bai sauka sai bayan azahar. To, me ya rage? Ƙazama ce, malalaciya, mai tsayawa gulma a bakin rijiya. Barmo ya taɓa cewa, "Inna, ai rijiyat ta…" ta ɗaga masa hannu.

"Rijiya ita ka hana ta tashi da asuba? Kai dai an shanye ka."

Shi kuwa Barmo da ma mutum ne mai sanyin jiki, in uwarsa ta ɗaga murya sai ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da yatsa. Wannan ma Lantana ta daɗe da yanke masa hukunci, ta ce nawa ce da rashin zuciya.

Da bazara Mero ta haifi namiji. Tun da ba ta da uwa, Lantana ce ta zo yi mata wankan jego, don jikanta kawai, in ji ta. Kwana bakwai na farko maƙwabta ne ke kawo wa mai jego ruwa, kamar yadda ake yi, ruwan da suke kawowa kuma fari ne tas. Lantana ta ce ai ga shi nan, rijiya ɗaya, amma matan kirki na samun ruwan kirki. Daren suna bai wuce ba ta kira Barmo bayan rumbu ta gaya masa abin da ta yanke. Gobe kasuwar Gidan Sori, ya je ya samu Iro ya faɗa masa cewa in Mero ta zo gida yawon arba'in ta yi zamanta, takardarta za ta biyo ta. Barmo ya tona ƙasa, ya tona, ya ce to.

Da asuba ya kama hanya. Lantana ita ma ta ɗauki tulu da guga, don yau za ta nuna yadda mace ke ɗebo ruwa. Ita ta fara isa rijiya, har tana jin daɗin kanta. Tana kwance igiya sai ga wata mata ta iso da 'ya'yanta ɗauke da tuluna biyu, ta gaishe ta da ladabi, ta ce ita ce Balki, matar Baƙo wanda ya gina rijiyar.

"Inna, sai ki ɗan dakata. Gidanmu ka fara ja."

"Ni na riga kowa zuwa."

"Ba da zuwa ake yi ba nan. Da zama ake yi. Gidan mai rijiya, sannan waɗanda sunka biyo shi, gida-gida. In sun ƙare, shanun Hilani su sha, don da su anka gina ta. Gidan Barmo shi na na ƙarshe, bara waccan sunka zo."

Lantana ta yi faɗa, ta ambaci Tibiri, ta ambaci mijinta da kakan mijinta. Matan suka ba ta haƙuri suna jan ruwansu. Ta zauna a kan wani kututture tana kallo, rana na hawa. Rijiyar gaba talatin ce, ido ɗaya gare ta, abin da ya taru cikin dare shi ake rabawa. Ta ga gugan farko na fitowa da ruwa fari, na tsakiya ya fara sauya launi. Shanu suka zo suka sha suka tafi. Da aka ce mata bismilla, ta zura guga har igiya ta kusa ƙarewa, ta ja, ta ja, tafin hannunta ya yi zafi. Abin da ya fito rabin guga ne, rabinsa kuma laka. Sai da ta yi ja tara tulu ya cika.

Ta iso gida rana tsaka, gumi har cikin ido, ta juye a randa. Tana juyowa sai ta ga baƙuwa zaune a inuwa. Tala ce, ƙawarta ta Tibiri tun suna 'yan mata, wadda ta sha jin labarin ƙazantar Mero a bakinta, ba ta samu zuwa suna ba, ta biyo 'yan kasuwa ta zo barka. Aka gaisa, Tala ta ce a ba ta ruwa, ba ta ma jira ba ta ɗauki moɗa ta ɗiba da kanta. Ta leƙa, ta yamutsa fuska.

"Kai, Lantana, gaskiyakki. Wace ƙazama ta ɗebo wanga? Ai ko jaki sai shi yi shawara."

"Ni ce," in ji Lantana. "Rijiyat ta…"

Nan ta tsaya, don ta ji maganar a bakinta, kuma ta san bakin da ta hana ya ƙarasa ta. Kunya ta rufe ta, bayan kunya tsoro ya biyo. Barmo tun asuba ya tafi. Yanzu ƙila yana zaune gaban Iro, ƙila ma ya riga ya faɗa, magana irin wannan kuwa in ta fita gaban kawun mace ba ta komawa ciki.

Lantana ta shiga ɗakin mai jego. Mero na shayar da jariri, ta dubi hannun surukarta da igiya ta yi wa ja, ta yi ƙasa da murya.

"Sannu, Inna. Kada a sha shi yau. A bar shi shi kwana, gobe a kwashi na sama a tace da ƙyalle. Akwai ƙaramar randa bayan ƙyaure, nan nike zuba na sama."

"Na sama na wa?"

"Na baƙi da maigida. Da kinka zo da rani, naki na. Mu muna shan na ƙasa."

Ashe ruwan da ta watsar a gindin danga shi ne mafi kyau a gidan, an kwana ana jiran ya kwanta dominta. Lantana ta juya. Ta fita ta hura wutar wanka, ta sa ganyen runhu, tana yi tana leƙen hanya, har Tala ta tambaye ta ko wani abu ta yar.

Sai bayan la'asar Barmo ya shigo, da gishiri a jakar fata da sabuwar igiya a kafaɗa. Ta tare shi tun a bakin zaure.

"Ka ga Iro?"

"Na gan shi."

"Ka hwaɗa mai?"

Ya sunkuyar da kai, ya fara neman ƙasa da yatsan ƙafa. "Inna, ki yi haƙuri. Mun zauna, ya sa anka kawo mani hura, ya tambayi yaro. Ban iya ba."

Lantana ta zauna a kan turmin da ke kife, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ta ce alhamdu lillahi sau uku. Barmo ya tsaya yana jiran faɗa, faɗa bai zo ba. A da, da ta ce nawarsa ce ta hana shi. Yau sai ta tambaya.

"Mi ya hana ka?"

"Ni na san inda take wuni," in ji shi. "Na so in gaya maki."

Ta karɓi igiyar ta duba ƙarfinta, ta ce wannan ta fi tsohuwar. Ta cika kwanaki talatin da uku da suka rage tana zama a kan kututturen nan bayan shanu, har Balki ta fara kawo mata goro. Ta rayu shekara goma sha tara bayan haka, kuma har ta rasu in ta shiga gidan mutane ba ta daina neman ruwa ba, ba ta kuma daina leƙa moɗa ba, wannan kam sai kabari. Amma in ta ga ya yi ja, takan shanye tas, ta goge baki, ta ce wa matar gidan, "Ku na nawa ne ga rijiya?"