Ranar da Baba Tiyo Ya Ƙi Sa Takunkumi

A tashar 'yan kwana-kwana babu mai kiransa da sunan yanka, Baba Tiyo kowa ke cewa. A bakin aikin nan ya yi furfura, gwiwarsa ta hagu har ƙara take yi in zai tsuguna, ga faɗa kamar me. Ka kuskura ka ajiye takalmin aiki ba a cikin ƙafar wando ba, yadda za ka zura ka ja sama lokaci guda, to ranar ka shiga uku. Amma a ce yara za su zo ziyara, sai ka rantse canza shi aka yi. Tun da safe yake goge hular kwano yana 'yar waƙa.

A irin wannan rana yakan tsaya gaban yaran ya sa kayan shiga wuta ɗaya bayan ɗaya, har tukunyar iska da takunkumin da ke rufe fuska, sannan ya rarrafo wurinsu su taɓa shi. Dalilinsa shi ne, yaro in ya hango wannan halitta cikin hayaƙi tana huci fuu, fuu, ba ya ganin mai ceto. Dodo yake gani, sai ya ɓuya ya yi tsit.

Ba a littafi ya karanta ba. Bara wuta ta kama ɗakin girki a gidan ɗansa, shi yana hutu. Abokan aikinsa suka shiga suna kira, jikarsa kuwa, wadda yake ce wa Uwata don sunan mahaifiyarsa ta ci, ta shige kabad ta ja ƙofa. Tarin da ya ƙwace mata ne ya tona inda take. Abin nan ya tsaya masa a rai, domin ya san in aka sake, ba lallai tari ya cece ta ba.

To, ran Asabar sai ga 'yan sikawut sun sauko daga bas, kowa da ƙyalle a wuya, malamarsu tana ta busa usur babu mai saurarenta. Uwata na cikinsu. Aka nuna musu ɗakin amsa waya, aka hau da su jar mota, aka ba su tiyo su riƙe, suka jiƙa malamar sharkaf.

Wani mai wushirya ya ɗaga hannu. "Baba, in babu gobara barci kuke yi?"

"Barci? Zo ka naɗe tiyon nan, ɗan nema, ka ga barci!"

Ana cikin dariya jikar ta ja masa riga. "Tsoho, ni yau ba zan ji tsoro ba. Ai na san kai ne a ciki, gwiwarka za ta yi ƙara."

Ashe duk rarrafen da zai yi, kakanta kawai za ta gani. Ran da wuta ta zo kuwa, wa ya ce shi ne zai shiga? Ya zaga bayan mota ya sami sabuwar ma'aikaciyar da suke kira Doguwa.

"'Yata, sa kayan nan duka, har takunkumi. In kin ji usur ki rarrafo."

Ya dawo ya tara yaran. "Ku buɗe kunne. In kun ga mai kayan nan, ba a ɓuya. Ku yi ƙasa, don hayaƙi sama yake bi, ku ce ga ni nan da ƙarfi, ku nufe shi."

Malama ta busa usur. Abin ya fito daga bayan mota yana huci. Yara suka yi baya da ihu, rabi tsoro rabi daɗi. Uwata tana murmushi, har idonta ya sauka a kan kakanta tsaye jikin bango da rigarsa ta kullum. Murmushin ya ɗauke.

Ta yi taku ɗaya zuwa wurinsa. Wallahi ji ya yi kamar ya sungume ta, amma ya haɗa hannuwansa a baya ya girgiza kai. Ta dubi kabad ɗin kaya da ke buɗe kusa da ita, ta daɗe tana dubansa.

Sai ta durƙusa. "Ga ni nan," ta ce, muryar kamar ta sauro.

"Ba a ji ba!" in ji mai wushirya.

"Ga ni nan!"

Ta rarrafa ta cafke ƙatuwar safar hannun nan. Doguwa ta cire takunkumi, gumi na zuba, tana dariya. Nan take sauran suka zube ƙasa kowa na ihun ga ni nan, malama har da tafi.

Yarinyar ta waiwayo, hawaye bai bushe ba. "Tsoho, ka yaudare ni."

"Na yaudare ki, Uwata."

"To me kake yi a tsaye? Ba kai ka ce a yi ƙasa ba?"

Ya durƙusa, gwiwar ta yi ƙas, tashar duka ta kwashe da dariya, ya rarrafa zuwa wurinta.