Labulen Bayan Shagon Tela

An haife shi ranar goma sha ɗaya ga watan Maris, 1951, kuma tun yana ɗan shekara goma sha biyar yake taka keken ɗinki. Tela kowa yake ce masa, har jikokinsa. Bai karanci shari'a ba, bai ma taɓa taka harabar kotu ba sai da furfura ta gama cin kansa.

Ɗiyar ƙanwarsa ce lauya. Ta buɗe ofis a ɗakin da ke bayan shagonsa, domin tsaya wa masu ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau waɗanda aka kora daga aiki ko daga gidan haya. Ta kafa allo a bakin titi, amma har wata biyu ba wanda ya leƙo.

"Kawu, ko rubutun allon ne ya yi ƙanƙanta?"

"Girma ya yi, 'yar nan. Wa zai shiga ƙofar da ke faɗa wa unguwa ciwonsa? Cire shi."

Ya sa aka fasa bangon da ke tsakanin shago da ofis, ya rataya labule. Tun daga nan, mai ƙara kan zo da tsohuwar riga a hannu kamar mai neman gyara, Tela ya auna kafaɗarsa, ya ce, "Shiga ciki ka gwada."

Ta wannan labulen wata mata ta shiga. Shekara tara tana dafa wa ɗalibai abinci a wata makarantar kwana, amma ranar da sakamakon gwajin jininta ya kai kunnen shugaban makarantar, aka karɓe ludayi daga hannunta. Lauya ta shigar da ƙara, ta kawo likita ya shaida cewa ƙwayar ba ta bin tukunya. Kotu ta ce a mayar da ita bakin aikinta.

Bayan kwana uku matar ta dawo shagon, idonta ya yi ja.

"Baba Tela, takarda ta mayar da ni, amma yadda na zuba abincin haka yake dawowa. In aka ƙara mako a haka, da kaina zan ajiye aikin."

Lauya ta girgiza kai. "Kawu, babu dokar da ke tilasta wa mutum cin abinci."

Washegari da rana Tela ya rufe shago, ya saka rigarsa ta fita, ya tafi makarantar. Ya zauna a tsakiyar ɗakin cin abinci, ya cinye abin da matar ta zuba masa tas, ya sake miƙa faranti.

"Ƙara mini, ɗiyata. Wannan rowar a kotu kika koyo ta?"

A rana ta huɗu malamin lissafi ya jawo kujera kusa da shi, sannan ɗalibai suka fara bin layi. Mako biyu Tela yana zuwa, har Lauya ta ce tumbin da ya ajiye ya fi ƙarfin awonsa. Matar kuwa ba ta bar wannan kicin ba sai da ƙarfinta ya ƙare.

Tela ya rasu bara. Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba shi ne, shekara talatin kafin nan, lokacin da ƙanensa yake jinyar wannan ciwo a ɗakinsa, ya ware masa kofi da faranti daban, kuma ƙanen ya gani.