Daren da Sadao Mai Awara Ya Koyi Zagi

Bango ɗaya ne ya raba shagona na kifi da shagon awarar Ushijima Sadao a layin kasuwarmu ta Takaoka, kuma tun muna da baƙin gashi nake jin haushin mutumin nan. Ba don ya taɓa yi mini laifi ba. Ai da ya yi, da na huta. Sadao irin mutanen nan ne da in ka taka musu ƙafa su za su ba ka haƙuri. Da idona na ga mai keke ya buge shi ya wuce, shi kuma ya tashi yana sunkuyar da kai ga bayan keken. In mai saye ya ce awarar yau ta yi ruwa, sai ya gode masa, ya ƙara masa guda, ya raka shi har bakin titi. Ni kuwa wani ya kuskura ya ce kifina ya kwana, ranar zai gane kurensa.

Sau ɗaya ya taɓa yin fushi a rayuwarsa, shi ma fushin ba shi da murya. Ranar da 'yarsa tilo, Chikage, ta gama sakandare ta ce Tokyo za ta tafi ta zama 'yar kokawa, Sadao ya ajiye sandunan cin abincinsa ya ce, "In kin tafi, kin tafi." Ta kuwa tafi. Ita da uwarta Michiyo suna waya a ɓoye, amma tsakanin uba da 'ya ko katin sabuwar shekara babu, har shekaru suka ja. Kowa a layin ya san taurin kai iri ɗaya ne da su, nasa dai ya sa rigar ladabi ne.

Ni na san abin da ta zama, don kallon kokawa cutata ce tun ina budurwa. Chikage ta koma Hankaka a dandali, shugabar masu fitowa a matsayin mugaye a ƙungiyarsu. Fuska sharkaf da baƙin fenti, rabin kai a aske, sandar gora a hannu. In ta fito a talabijin sai in ƙure sauti don ya ratsa bango, amma ko tari ban taɓa jin Sadao ya yi ba.

Bana yatsunsa suka ƙi ruwan sanyi gaba ɗaya, ya yanke shawarar rufe shagon in shekara ta ƙare. Ana haka sai ga sanarwa a bangon tashar jirgi, wai gasar ƙungiyar su Hankaka za ta biyo ta zauren wasanni na garinmu. Washegari ya shigo shagona ya tsaya yana kallon wani kifi kamar bai taɓa ganin irinsa ba.

"Fusae-san, a gafarce ni da damu."

"Faɗi, Sadao-san, ƙanƙarata na narkewa."

"Wannan wasan da za a yi... ana barin tsofaffi su shiga?"

"Ni yarinya ce? Me kake so a can?"

Sai ya ce so yake Chikage ta zo gida ran jajibirin sabuwar shekara, ta ci awarar ƙarshe da shagon zai yi. Ubansa ne ya buɗe shagon, kuma bai so a kashe wutar tukunya ba tare da ita a gidan ba. A waya ba zai iya faɗa ba. Raina ya sosu ƙwarai, shi ya sa na yi masa tsawa na ce ya daina tare mini hanyar masu saye.

Da yammar ranar wasan ya fito cikin baƙar kwat ɗinsa ta zuwa biki da jana'iza, da ƙunshin tsaraba a ƙyalle. Na samo mana layi na biyu daga dandali. Wasannin farko duk ya ba ni kunya. Kowa aka jefar sai ya ce "Ash, sannu." Wadda ta yi nasara ya tafa mata, wadda ta faɗi ya tafa mata ya ƙara. Da aka wurga wa wata 'yar wasa zirin takardu masu launi kamar yadda aka saba, sai ga Sadao a tsugune yana tattara su yana ninkewa. Da wata ta shaƙe abokiyar karawarta a igiya, ya raɗa mini ko ya kamata wani ya sanar da 'yan sanda.

Sai aka zo wasan kusa da na ƙarshe. Asagiri ta fara fitowa, 'yar lelen jama'a, cikin fararen kaya tana murmushi. Aka rage fitilu, ganga ta ɗauka, Hankaka ta ɓullo tana dukan ƙasa da gora. Zauren nan kaf ya ɗauki ihu. "Tir! Koma inda kika fito! Mayaudariya!" Mutanen da gobe za su gaishe ka da sunkuyo a banki, su ne suke nuna ta da yatsa suna kumfar baki.

Fuskar Sadao ta yi fari fat. Ya miƙe tsaye, ya fara tafi shi kaɗai. "Chikage, ki yi ƙoƙari!"

Na fizgo kwat ɗinsa ya faɗo kan kujera. "Kai, so kake ka kashe mata sana'a?"

"'Yata suke zagi, Fusae-san."

"To abincinta ke nan! Shekara nawa ta yi tana wahala kafin a tsane ta haka? Muguwar da ake tafa wa, gobe za a mayar da ita share dandali. In kana sonta, zage ta."

"Ban iya ba."

"Ka koya. Ni na koya, ban mutu ba."

Aka buga ƙararrawa. Hankaka ta ja gashin Asagiri, ta tsokane mata ido a bayan alƙalin wasa. Sadao ya ce can ƙasa-ƙasa, "Ba ki kyauta ba."

"Wannan zagi ne ko gaisuwa? Nemo abin da ya taɓa ƙona maka rai!"

Ya rufe ido yana tunani. Ku kun san yadda zaurenmu yake, in an shiga riƙe-riƙe a ƙasa kowa sai ya yi tsit yana kallo, har numfashin 'yan wasa kana ji. A daidai wannan shirun ne muryar da ban taɓa sanin Sadao yana da ita ba ta tsaga wurin.

"Mai barin fitilar banɗaki a kunne!"

Wani a bayanmu ya shaƙe da giyarsa. Sadao kuwa ƙofa ta buɗe. "Mai taka tabarma da silifa! Mai faɗawa bahon wanka ba ta cuɗa jikinta ba, ta ɓata wa kowa ruwa!" Nan fa zaure ya yi "Eeeh!" da gaske, don ko tsokane ido bai kai wannan muni a wurinmu ba, tunda ruwan baho ɗaya duk 'yan gida ke shiga bi da bi. Wata tsohuwa ta ce, "Na rantse za ta aikata!" Samarin layin baya suka ɗauka suna rerawa, "Ki yi wanka! Ki yi wanka!"

Hankaka ta saki wuyan da take murɗewa, ta ɗago kai tana neman inda muryar ta fito. Asagiri ba ta yi wata-wata ba, ta tashi sama ta sakar mata ƙafa biyu a ƙirji, sai ga ta a wajen dandali. Ta miƙe, ta suri gorarta, ta nufo ɓangarenmu.

Kowa ya san abin yi in muguwa ta shigo cikin 'yan kallo. Ka ɗauki jakarka ka ranta a na kare, kana ihu kana dariya, ita kuma ta yi watsi da kujeru. Ni ma da ciwon gwiwata na tsallake kujera biyu na laɓe. Da na leƙo, duk ɓangaren ya zama fili, sai Sadao shi kaɗai a zaune, gwiwa a haɗe, ƙunshi a cinya. Alƙalin wasa ya fara ƙirga. In ya kai ashirin ba ta koma ba, ta fita daga gasar.

Ta cakumi kwalarsa da hannu ɗaya ta ɗaga shi, ta yi wani gurnani don jama'a. Ni da ke kusa na ji sauran.

"Baba, me ya kawo ka? Ka gudu mana!"

"Kin rame."

"Baba, ana kallo! Ba zan iya sakinka haka kawai ba. Zan ture ka, ka faɗi."

"Zan rufe shago ƙarshen shekara. Ki zo ki ci ta ƙarshe."

"Za mu yi magana. Faɗi!"

"Ba zan faɗi ba sai kin ce za ki zo."

Ƙirga ta wuce goma sha biyar. Jama'a na ihu, gora na rawa a sama, baƙin fentin nan ya fara zirarowa a kumatunta.

"Zan zo. Don girman Mama ka faɗi."

Sadao ya cire tabarau ya sa a aljihu. Ya ajiye ƙunshin a kan kujera. Ya durƙusa da gwiwa ɗaya, sannan ɗayar, ya gyara kwat, ya kwanta a hankali kamar mai shiga shimfiɗa. Tunda nake kallon kokawa ban taɓa ganin faɗuwa mai muni irin wannan ba. Hankaka ta wawuri ƙunshin kamar ganima, ta yi tsalle ta faɗa dandali ana dab da rufe ƙirga.

Sai zauren ya fashe. Ta kayar da tsoho, ta kuma sace masa tsaraba! Ihun da aka yi mata a farko wasa ne. Har kujeru ake bugawa a ƙasa. Na rarrafa wurinsa, ga ma'aikatan zaure sun taho a guje da akwatin magani. Yana kwance, hawaye na gangarawa cikin kunnuwansa.

"Tashi, Sadao-san, ka ba mu kunya ya isa."

"Fusae-san, duk wannan ihun nata ne?"

"Nata ne, ita kaɗai."

"To ki ce musu su bar ni a kwance tukuna, kada mutane su daina."