Bokiti Ɗaya, Hannu Biyu

Iyatu mai tallar nono ba ta san sunansa ba. Kullum dai tana ganinsa a lambun sabuwar firamare, bakin kanal ɗin ruwan Tiga: dogon malami siriri, wando a nannaɗe, alli har gemu. Bulalarsa ma a kafe take, tumatir na jingine da ita.

Yau 'yan aji ɗaya su biyu sun dambace. Bai ɗaga murya ba, bokiti guda ya miƙa musu.

"Ku kama tare ku ba shukarku ruwa. Kuka zubar, da ƙishi za ta kwana."

Ga su can tafe a hankali, kafaɗa da kafaɗa, suna share hawaye.

"Wannan malami," in ji Iyatu a ranta, "da gani ya sha duka yana yaro."