Ranar da Wanzami Ya Ƙi Fiɗiye Duna

Malam Sule wanzami ya riga ya wasa aska, ni kuma na danne Duna a ƙasa.

Duna karena ne, bai cika shekara ba, shi ke gadin marinar Babanmu a Ƙofar Mata, 'yan shekaru kafin samun 'yancin kai. Da ya fara yawo, maƙwabta suka ce ko a fiɗiye shi ko a kore shi bayan gari.

Malam Sule ya laluba, ya sake lalubawa, sai ya ɗago kai.

"Ƙwai ɗaya ne a waje. Ɗayan yana ciki, bai sauko ba."

Baba ya ce, "To ka ɗan tsaga ka nemo shi mana."

"A'a, Malam. Ba na sa aska inda idona bai gani ba. Kare ne, amma rai gare shi."

Washegari na ja Duna muka fita bayan ganuwa wurin likitan dabbobi, aka yi masa aiki. Ya warke, ya tsufa a marinarmu.

Har yau ina girmama mai sana'ar da ke iya cewa abu ya fi ƙarfinsa. Ku kun taɓa haɗuwa da irinsa?