Alƙaliyar da Ta Koya Mini Ɗinkin Fayil

Da safiyar Talata, tara ga Afrilu, 'yarki Maruja ta kira ni daga garin Ayacucho ta ce kin cika. Ina ajiye wayar, Dokta Nemesia, na zauna rubuta miki wannan.

Shekara ashirin da biyu ke nan da haɗuwarmu. Lokacin an sauke ni daga kujerar mai gabatar da ƙara saboda na ƙi rufe binciken wani mai ƙafa, aka jefa ni ɗakin adana takardun kotu, inda ake ɗinke fayil da allura da zare. Ke ce shugabar ɗakin, tsohuwar alƙaliyar da irin wannan taurin kai ya kai ta can. Na shigo ina huci, takardar ajiye aiki a hannuna. Ko kallonta ba ki yi ba.

“Ɗana, ka iya zura zare?”

“Dokta, shekara bakwai fa na yi a jami'a!”

“Shi ya sa ba ka iya ba. Zauna.”

Dokarki ɗaya ce, ba a huda shafi sai an karanta shi. Na sha tsine miki a zuci, ba zan ɓoye miki ba. Amma kullum da rana kina raba dafaffiyar masararki da cuku biyu, ki tura mini babban rabin, kina cewa lauya mai jin yunwa ba ya ganin kuskure.

A wata na uku na ci karo da takardar sakin wani manomi, Sabino Ccori, an ɗinke ta cikin fayil ɗin wani. Shekara biyu yana kurkuku a banza. Da na nuna miki, sai kika ce, “To me kake jira? Ni ce lauyarsa?” Sabino ya fita cikin mako guda. Tun daga ranar fursunoni nake karewa, kuma ban sake tunanin barin aikin ba.

Ni bayan shekara biyar na samu mafita na bar ɗakin, ke kuwa a ɗakin nan kika yi ritaya. Bara na yi ƙarfin halin tambayarki ko abin ya taɓa yi miki ciwo. Na zaci za ki yi mini ba'a.

“Kullum, ɗana,” kika ce. “Kullum na wuce ƙofar tsohuwar kotuna sai na kau da kai.”

Shekara biyar ina gefenki ina kai miki kukana, ban taɓa tambayar naki ba sai bara. Wannan ne ya fi ci mini rai yau.

Ina yi wa Maruja da jikokinki ta'aziyya, Allah ya ba su haƙuri. Allah ya ji ƙanki, Dokta, ya yafe kurakuranki, ya yi miki adalcin da mutane suka hana ki.