Tarin Babana Ya Fi Babana Suna

Shekara shida ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Iliya, wanda ma'aikatan wata masaƙa a Bompai suka sani da Na-Masaƙa. Ina da shekara goma sha ɗaya a lokacin, yanzu ina da sha bakwai. A tsakanin nan ya yi sunan da bai taɓa yi ba yana raye. Kamata ya yi in yi murna, amma kishi nake yi, irin kishin da in aka ɗura shi a jarka zai ishi Na'ibawa gaba ɗaya, har a kai ragowar Kumbotso.

Baba ma'aikaci ne, kiɗan gurmi kuwa na ranar hutu ne. In aka gayyace shi biki, waƙoƙin manyan mawaƙa ake sa shi ya maimaita, kuma ya iya su kamar shi ya haife su. Amma da ya taɓo tasa ta kansa, sai mata su tuna sun bar tukunya a wuta, maza su tuna ba su yi la'asar ba. Wani ya ɗaga murya, "Malam Iliya, a yi mana wadda muka sani mana!" Sai ya yi murmushi ya koma ta mutane. A hanyar gida in ina ta masifa a madadinsa, ce min yake, "Kamalu, tasu ta rawa ce, tawa ta zama ce. Waye ya yi wanka ya zo biki don ya zauna?"

Yau kuwa waƙoƙin nasa ake rawa da su daga Sharada har Challawa, sai dai ba daga bakinsa ba. Daga bakin Yaya Habibu ne, ɗan maƙwabtanmu, mai aiki a kamfanin robobi. Bayan rasuwar Baba ya samo waƙoƙi shida da wani abokin aikin Baba ya ɗauka da waya a watanninsa na ƙarshe, yana zaune a ƙofar gida, ciwon ƙirji ya riga ya ci ƙarfinsa. Yaya Habibu ya haddace su, ya ɗora a kan fiyano, ya ɗinka hula irin ta Baba ya karkata ta hagu. Yanzu sunansa Na-Masaƙa Ƙarami. Ƙarami! Ina raye, ina numfashi. Ni da na gaji kunnuwan Baba, na gaji ƙafarsa wadda sai an zagaye kasuwa kafin a samo mata takalmi. Murya ce kawai ta tsallake ni ta haura katanga. Ni in na rera waƙa a banɗaki, kajin unguwa daina ƙwai suke yi kwana uku.

Ba zan yi masa ƙarya ba, yana da murya. In ka rufe ido sai ka ce Baba ne. A nan ma matsalar take.

Akwai abin da masu rawar ba su sani ba. A masaƙar akwai wani dogon ɗaki da ake kaɗa auduga, ƙura a cikinsa kamar ana tankaɗe. Tsofaffin ma'aikata ba sa shaƙar iska a ciki. A bakin ƙofa mutum zai cika ƙirji, ya ratsa, sai ya fita ta ɗaya ƙofar ya sake shaƙa. Baba sai ya gano in yana rera waƙa, iska fita kawai take yi. Shi ya sa kowane baitinsa tsawon ɗakin nan ne, numfashi ɗaya daga ƙofa zuwa ƙofa. "Mai shiga da mai fita sun haɗu a bakin get, wannan na hamma wancan na miƙa, injin bai san sunan kowa ba." Haka yake zuba shi, ba tsayawa.

Amma a cikin wayar, mutumin da aka ɗauka ba ya iya kai rabin ɗakin. Yana tsayawa sau uku a baitin, ya ja iska, ya yi tari. Yaya Habibu ya ɗauka salo ne. Ya kwafi tsayawar, ya kwafi tarin, har ya ƙawata shi. Yanzu in ya zo wajen, sai ya dafe ƙirji ya miƙa wa jama'a makirifo, taro gaba ɗaya ya yi tari tare, mata su yi guɗa. Abin da ya hana gidanmu barci shi ne amshi.

Duk da haka na yi shiru shekaru, ina cin tuwona da kishina. Sai wata Asabar ina wankin kayan makaranta na ji kaina ina rera baitin, na tsaya a inda Yaya Habibu yake tsayawa, na yi tarin. Na saki rigar a bokiti. Na nemi muryar Baba ta lokacin da yake da lafiya a cikin kaina, sai Yaya Habibu ya fito da hularsa. Suna ya ɗauke, na haƙura. Amma ya shigo har cikin kaina yana share min uba.

Watan jiya, a wani ɗaurin aure a Zawaciki, na tare Yaya Habibu bayan rumfa kafin ya fara wasa. Na faɗa masa komai, da ɗakin, da ƙurar, da ƙofofin. Na shirya faɗa, har na zaɓi inda zan gudu. Sai ya cire hular ya daɗe yana kallon cikinta. Da ya hau dandamali, ya cika ƙirji ya zuba baitin a numfashi ɗaya. Jama'a sun riga sun dafe ƙirji suna jira, tari bai zo ba. Wata Hajiya a kujerar gaba ta ce, "Kai, ba haka marigayin yake yi ba!" Na ce, "Hajiya, wallahi haka yake yi." Ta dube ni sama da ƙasa. "Kai yaro, rufe mana baki. Me ka sani a kan Na-Masaƙa?" A baiti na biyu Yaya Habibu ya dawo musu da tarinsu, rawa ta ci gaba.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga wannan. Ina jin dariya zai yi har tarin gaske ya kama shi. Yana raye sun ƙi tasa don ba su san ta ba, yanzu sun ƙi ta gaskiyar don sun san ta bogi. Wataƙila ma ya ce in bar su, biki ne. Shi ya iya yafe wa masu rawa. Ni ban kai nan ba.

Washegarin bikin da hantsi Yaya Habibu ya yi sallama a gidanmu, ba hula. Ya ce, "Kamalu, ni marar lafiya na sani. Kai ka ji mai lafiyar. Rera min su duka yadda suke, ko da a ɗaki zan riƙa yin su ni kaɗai." Na ce sai ya ajiye sunan Ƙarami. Ya ce, "Kai ma ka san wannan ba zai yiwu ba, an riga an buga a riguna." Na ce to ya toshe hanci, muryata ba a kunne kawai take illa ba.

Na tsaya a zaure, ban san wanda zai fito daga bakina ba. Na cika ƙirji, na rufe ido, na shiga ɗakin da ban taɓa gani ba. Muryar ta fito kamar ana jan teburi a kan siminti. Amma ban tsaya ba, ban yi tari ba, sai da na kai ɗaya ƙofar. Daga cikin gida Umma ta daina daka. Can ta ce, "Waye wannan?" Na ce ni ne. Ta ce, "Sake."

Har yau kishin yana nan, kar wani ya ce na shiryu. Muryar tana wajen Yaya Habibu, sunan ma haka, tarin kuma na bar wa jama'a su yi ta yi. Abin da ya rage na Baba a gidansa shi ne tsawon numfashinsa, kuma a ƙirjina aka ajiye shi. Allah Ya jiƙan Malam Iliya, Ya sa shi inda iska ba ta da ƙura.